Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa: A Auna Tsayin 'Ya'yanmu, A Duba Lafiyar Iyayensu Mata

Mai girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,

Ina roƙon ka ara mini kunne a kan wata magana da ba ta cika hawa dandalin siyasa ba, domin waɗanda abin ya shafa ba su kai munzalin ƙuri'a ba, wasunsu ma ko baki ba su yi ba.

Ranka ya daɗe, binciken lafiyar iyali na ƙasa da ake kira NDHS ya nuna a 2018 cewa kashi 61 cikin 100 na yaran jiharmu 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Da aka maimaita binciken a 2023 zuwa 2024, maimakon a samu sauƙi, sai adadin ya doshi kashi 65. A ƙasa baki ɗaya ma an tashi daga kashi 37 zuwa 40, amma namu ya fita daban: cikin yara uku da ke wasa a ƙofar gida, kusan biyu abin ya taɓa. Ba kai ka kawo wannan ba, ka tarar da shi ne, kamar yadda na gabanka suka tarar. Sai dai yau kai ne a kan kujera, kuma kai ne wanda ya yi digirin digirgir a fannin noma da zamantakewar karkara a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kuma taɓa riƙe ƙaramar hukumar Charanchi. Idan akwai gwamnan da ba sai an yi masa dogon bayani a kan rumbu da tukunyar talaka ba, to kai ne.

Na san hankalin gwamnati da na ƙungiyoyin agaji yana kan tamowa, kuma ya cancanta. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shidan farko na shekarar, cikin kusan dubu 70 da ta kula da su. Wanda ya ji wannan bai girgiza ba, a duba zuciyarsa. Kuɗin da jiha ke zubawa a asusun haɗin gwiwa da UNICEF don sayo maganin tamowa, wannan ƙullin gyaɗa da madara da ke cikin 'yar leda, kuɗi ne da ke ceton rai, kuma ba na neman a rage ko sisi daga ciki.

Amma tamowa da tsumburewa ba tafiyarsu ɗaya ba. Tamowa tana zuwa da gaggawa. Yaro ya yi gudawa ko ƙyanda, ko hatsi ya ƙare tsakiyar damina, cikin 'yan makonni ya zube, ko ƙafafunsa su kumbura, gashinsa ya yi ja. Kowa ya gan shi ya san ba lafiya. A ɗaura masa igiyar awon damtse, idan ta faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a sa shi a magani, kuma da yardar Allah cikin wata biyu ya murmure. Tsumburarren yaro kuwa yana nan yana guje-guje, yana cin tuwonsa, wani har da kumatu. Igiyar damtse za ta iya nuna kore a hannunsa. Ba mai ɗaukarsa zuwa asibiti, don ba wanda ya ga ciwo. Abin da ya ƙara rufe ido shi ne yawan abin: idan mafi yawan yaran unguwa gajeru ne, gajarta ta zama ita ce daidai, uwa ta dubi ɗanta ta dubi na maƙwabta ta ga ba bambanci, ta gode wa Allah. Ɗan shekara biyar mai jikin ɗan shekara uku sai a ce ƙaramin jiki gare shi.

Ko kuma a ce gado ne, kakansa ma haka yake. Wannan magana tana da ƙarfi a bakin mutane, har da masu ilimi, saboda haka ya kamata a tsaya a kanta. Tsakanin 1997 da 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi girman yara sama da dubu takwas a ƙasashe shida: Ghana, Indiya, Oman, Brazil, Norway da Amurka. An zaɓi yaran da aka shayar da nonon uwa, suke zaune cikin tsafta da wadata. Abin da aka gano ya ba mutane da yawa mamaki: har zuwa shekara biyar, ɗan Accra da ɗan Oslo da ɗan Delhi kusan tafiya ɗaya suke yi a tsayi. Daga wannan aiki aka fitar da ma'aunin 2006 da duniya ke amfani da shi yanzu. A ma'aunin, yaro namiji ɗan shekara biyu yakan kai wajen santimita 87. Idan ya gaza 81, ya shiga sahun tsumburarru. Gado yana da nasa rabon, ba shakka, a kowane gari akwai dogo akwai gajere. Amma gado ba ya bayyana yadda a 2018 aka samu kashi 14 a Anambra, kashi 66 a Kebbi. Ba ya bayyana yadda, a cikin ƙasa ɗaya, 'ya'yan matan da ba su yi boko ba suka kai kashi 54, na waɗanda suka wuce sakandare suka tsaya a 14. Kakan da ake jingina wa abin ma, wa ya san irin yunwar da ya sha yana goye?

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai gajarta ba ta hana mutum zama mutum. Gaskiya ne, kuma ba tsayin don kansa ake kuka a kai ba. Tsayi shaida ne kawai. Rashin abincin kirki da yawan laulayin da suka hana ƙashi miƙewa su ne suka samu ƙwaƙwalwa a lokacin da take tsakiyar ginuwa, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu, abin da masana ke kira kwana dubun farko. Kai masanin noma ne, ranka ya daɗe: geron da fari ya kama yana ƙarami, ko ruwa ya dawo daga baya ya yi kore shar, zangarniyarsa ba ta kamo ta wanda ya samu ruwa a kan kari. A ƙasar Guatemala, daga 1969 zuwa 1977, an riƙa ba yaran wasu ƙauyuka wani kunu mai gina jiki, wasu ƙauyukan kuma aka ba su abin sha mai zaƙi kawai. Bayan shekaru da dama aka nemo su sun zama magidanta. Mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu, ladan aikinsu ya fi na sauran da kusan kashi 46 cikin 100. Don haka ajujuwan da kake ginawa da malaman da kake ɗauka, wani kaso na amfaninsu an riga an yanke shi tun yaron bai san hanyar makaranta ba.

Ga 'ya mace abin ya fi muni. Yarinyar da ta tsumbure takan tashi da ƙaramin ƙugu. A aurar da ita jikinta bai gama ginuwa ba, ciki ya shiga, ita tana neman abincin girma, ɗan tayi yana nema. Ranar haihuwa kan yaro ya ƙi wucewa, a kwana biyu ana naƙuda a ɗaki. Asibitin Babbar Ruga da ke nan Katsina ya shahara a duniya wajen gyaran yoyon fitsari, kuma doguwar naƙuda ce ke kai mafi yawan matan can. Idan an tsira daga wannan, sau da yawa jaririn da za a haifa ƙarami ne, ya fara rayuwa da bashi a jikinsa. Masana da suka rubuta a mujallar Lancet a 2013 sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsumburewa tun daga ciki yake farawa.

Shi ya sa na ce awon ya fara daga uwa. MSF ɗin nan ta auna mata 750 cikin waɗanda suka kawo 'ya'yansu cibiyoyinta a Katsina, ta tarar fiye da rabinsu su kansu suna fama da ƙarancin abinci, kashi 13 cikin 100 kuma nasu ya yi tsanani. Ka duba wannan da kyau: mun ba yaro magani, mun miƙa shi ga uwar da ita ma da za a ɗaura mata igiya a damtse da an kwantar da ita, mun ce ta je ta shayar. A binciken 2018, kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, kuma a wannan binciken Katsina ce kan gaba a yawan haihuwa, mace ɗaya 'ya'ya 7.3 a matsakaici. Ba yawan 'ya'ya na zo yi wa kowa wa'azi a kai ba, wannan tsakanin mutum ne da iyalinsa da Ubangijinsa. Abin da nake magana a kai iyayenmu sun daɗe da saninsa, har suna da sunansa: kwanika. Sun san yaron da aka yi wa ƙane yana kan nono yakan lalace, sun san matar da ba ta huta ba takan ƙare. Tsofaffi sun ga illar da idonsu tun kafin likita ya zo da alƙaluma. Abin da ba mu sani ba shi ne yawan abin a kowace gunduma a yau.

Mu duba abin da ke faruwa a wurin awon ciki. Mace ta samu izinin miji, ta samu kuɗin mota, ta zo. Mai cikin fari ma kunya kan hana ta zuwa sai ciki ya tsufa. A yawancin ƙananan asibitoci za a gwada hawan jini, a shafa ciki, a ba ta ƙwayar ƙarin jini in akwai. Sau nawa ake auna tsayinta? Sau nawa ake sa igiya a damtsenta, ko a ɗiga jininta a gani nawa ne? Sau nawa ake tambayarta abin da ta ci jiya, daga safe zuwa dare? Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta cin ko kwabo, amma amsarta ta fi rahoto mai shafi ɗari. Za ka ji koko, tuwo da miyar kuka, ɗumame. Gobe ma haka. Idan ta haihu, kuma mafi yawan haihuwa a yankinmu a gida ake yi, ba a ɗora jaririn a sikeli. Ungozoma ta yanke cibi, a yi barka. Nauyin da ya zo da shi duniya, wanda shi ne labari na farko a kan yadda uwarsa ta rayu wata tara, ya wuce ba wanda ya rubuta.

Al'adarmu tana girmama mai jego: ƙauri, kunu, nama gwargwadon hali, har a yi arba'in. Mai ciki kuwa, wadda ita ce ke ƙera mutum, tana cin abin da kowa ke ci, sau da yawa bayan an fitar da na maigida da na baƙi. Nan akwai aikin malamai. Ayar da ta ambaci shayarwa shekara biyu a Suratul Baƙara, ita ce kuma ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwar da tufatar da ita. Rabin farko kowa ya haddace. Rabin na biyu yana bukatar a riƙa jin sa a huɗubar Juma'a, kuma gwamnati tana da hanyar roƙon limamai su yi hakan.

Bayan haihuwa kuma sai wani babin. Har yanzu akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, ana ganin ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko na jariri. Akwai ba jariri ruwa tun yana ɗan kwanaki, don tsohuwa ba ta yarda ɗan mutum zai rayu a zafin bazara ba ruwa ba. Kuma ka san irin ruwan. A ƙasa baki ɗaya kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ke shan nonon uwa zalla. Daga wata shida, lokacin da nono kaɗai ya daina isa, sai a shiga kunu tsararo, ruwa ya fi gari yawa. Cikin yaro ƙarami ne, ya cika da ruwan kunu, ya yi shiru, uwa ta ɗauka ya ƙoshi. A wannan tsakani, daga wata shida zuwa shekara biyu, mafi yawan yaranmu ke zamewa daga ma'auni. Abin takaici, a gidan akwai kaji, amma ƙwai na kasuwa ne, ko kuma a ce yaro in ya saba da ƙwai zai yi sata. Akwai wake, na sayarwa ne. A ruga akwai nono, shi ne kuɗin cefane. A kudancin jiha ana noma waken soya, a cika motoci a kai kamfanoni, yaron manomin yana shan farin koko.

Kada a fahimce ni ina ɗora wa mata laifi. Ya zama ɗabi'ar taron bita a tara mata a koya musu haɗa kunun gero da gyaɗa da soya, a ɗauki hoto, a watse, kamar rashin sani ne kaɗai matsalar. Tun bayan cire tallafin mai a 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Matar da aka kora daga ƙauyenta a Batsari ko Jibiya ko Ƙanƙara, aka kwashe awakinta, gonar mijinta ta gagari shiga, ta san amfanin ƙwai sarai. Wani gida rashin sani ne, wani gida rashin abin hannu, wani gida rijiyar ce ke zuba wa yaro gudawa duk wata, wani kuma zazzaɓin damina. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba za ka san wanne ya fi yawa a ina ba sai an je an duba.

Ina jaddada wannan ne saboda duniya ta riga ta gwada ɗauko magani daga wani wuri ta kai wani, ta sha mamaki. A ƙasar Ecuador an gwada ba yara ƙwai ɗaya kullum na wata shida, tsumburewa ta ragu da kusan rabi. Aka yi murna, aka maimaita gwajin a Malawi, tsayin yara bai canza ba. Ɗaya daga cikin dalilan da masu binciken suka kawo shi ne yaran can dama suna samun kifi. An yi manyan gwaje-gwaje a Bangladesh da Kenya da Zimbabwe, aka gina masai, aka raba sabulu da maganin tsarkake ruwa, amma tsayin yara bai motsa ba, wataƙila domin kashin kaji da na awaki da yaro mai rarrafe ke kaiwa baki yana nan a tsakar gida. A Benin da Togo kuma an gano alaƙa tsakanin tsumburewa da gubar da fumfuna ke bari a masara da gyaɗar da ba a shanya da kyau ba. Mu da kunun gyaɗa da tuwon masara suke abincin yau da kullum, wa ya taɓa auna mana yawan wannan guba a rumbunan Funtuwa da Bakori?

Katsina ba ƙasa ɗaya ba ce ta fuskar abinci. Shiyyar Funtuwa mai ruwa da masara daban, shiyyar Daura mai yashi da gero daban, ƙananan hukumomin da ke bakin dajin Rugu kuma halinsu ya sha bamban da na kowa. Amma abin da NDHS ke ba mu lamba ɗaya ce tal ga jiha mai ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, ita ma sai bayan shekara biyar take zuwa daga Abuja. Gwamna zai iya gama zango guda bai ga sabon adadi ba. Kuma wuraren da masu bincike ba sa iya shiga saboda tsaro, can ne ake kyautata zaton abin ya fi tsanani, ka ga ke nan ko lambar da muke kuka da ita tana iya zama ta yi mana sassauci.

Ga abin da nake roƙo. A sa allon awon tsayi a kowane ƙaramin asibiti na mazaɓa, kusa da sikeli. Ba kayan ƙasar waje ba ne dole. Kafintocinmu za su iya yin sa idan an ba su samfur mai inganci aka kuma duba aikinsu. Sai dai allon ba ya aiki da kansa. Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna shi, mutum biyu, ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya miƙe gwiwoyi, yaro yana tsala ihu. Kuskuren santimita ɗaya ko biyu ya isa ya mayar da lafiyayye tsumburarre a takarda, ko akasin haka. Malamar asibiti guda ɗaya da mata hamsin ke jira ba za ta iya ba, ko ta yi za ta cika kati ne da ka. Saboda haka maganar allo maganar ma'aikata ce da horo, kuma nan kuɗin yake.

Sai matsalar shekaru, wadda ita ce ta fi ba masu wannan aiki wahala. Tsayi ba ya nufin komai sai an san watannin yaro. Ka tambayi uwa a ƙauye, ta ce an haife shi bayan ƙaramar salla, lokacin ana yankan gero. Wace shekara? Sai a shiga lissafi da kaka da azumi. Alhali muna da wata rana da ba a taɓa tsallakewa: ranar suna. Duk ɗan da aka haifa a ƙasar Katsina da Daura, rana ta bakwai liman yana wurin, mai unguwa ko wakilinsa yana wurin, wanzami yana wurin. Me zai hana a ba kowane mai unguwa littafi, a rubuta sunan jariri da ranar haihuwa da sunan uwa, dagaci ya tattara, hakimi ya miƙa, a haɗa da rajistar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa? Masarautu sun nuna abin da za su iya a yaƙi da shan inna, har aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Idan ka zauna da Mai Martaba Sarkin Katsina da Mai Martaba Sarkin Daura a kan wannan, ba na jin za a kai damina biyu littafin bai zauna ba. Kuma da zarar an san gidan da aka yi haihuwa, ma'aikaciyar lafiya ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa da sikelinta.

Awon asibiti kaɗai ba zai ba ka hoton jiha ba, don waɗanda suka fi bukata su ne ba sa zuwa. Ana bukatar bincike na gida-gida duk shekara, a lokaci ɗaya na shekara, wanda zai ba da adadi ga kowace ƙaramar hukuma: tsayin yara da nauyinsu, damtsen uwa da jininta, abin da uwa da ɗa suka ci jiya, tazarar haihuwa, ruwan da ake sha, ciwon da yaro ya yi cikin mako biyu. Kana da Hukumar Ƙididdiga ta Jiha. Kana da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da Asibitin Koyarwa na Tarayya. A ba su aikin, da kuɗin jiha, don mun ga a 2025 yadda tallafin waje ke yankewa dare ɗaya. A sa sansanoni da unguwannin da 'yan gudun hijira suka rakuɓe a cikin lissafi. Sharaɗi guda nake roƙo a kiyaye: wanda za a yaba wa ko a tuhuma da sakamakon, kada ya zama shi ne mai riƙe da allon. Ranar da shugaban ƙaramar hukuma ya gane kujerarsa tana rataye da lambar, ranar yaransa za su fara tsawo a takarda.

Wannan ba mafarki ba ne, an yi a wasu wurare. A Peru, gab da zaɓen 2006, ƙungiyoyin farar hula sun sa 'yan takarar shugaban ƙasa sun sa hannu cewa za su rage tsumburewa da maki biyar cikin shekara biyar. Gwamnatin da ta hau ta mayar da binciken lafiya na duk shekara abin dogaro, ta ɗaura sakin kuɗi ga yankuna a kan sakamako, ta kuma haɗa tallafin kuɗi na mata matalauta da kai yara awo. Daga kashi 28 a 2008 suka sauko zuwa 13 a 2016. Senegal ta ɗauke ofishin yaƙi da rashin abinci mai gina jiki ta kai shi ƙarƙashin firaminista a 2001, don ta gane ma'aikatar lafiya ba ta da iko a kan rijiya da gona da makarantar 'ya'ya mata. Tsumburewa a can ta sauko daga wajen kashi 34 a farkon shekarun 1990 zuwa 17 a 2017. Ghana ma ta tashi daga 35 a 2003 zuwa 19 a 2014. Darasin Senegal ya shafe ka kai tsaye: idan aka bar wannan aiki a wani ƙaramin sashe na ma'aikatar lafiya, kwamishinan ruwa da na noma da na ilimi za su ɗauka ba nasu ba ne. Rahoton ya riƙa zuwa teburinka, kai ka riƙa tambayarsu.

Ba zan ɓoye maka ba, awo ba ya ƙara wa yaro ko rabin santimita, kuma wanda ya riga ya wuce shekara biyu a tsumbure da wuya ya cike giɓin gaba ɗaya. Amfanin awon na ƙannensa ne da waɗanda ke ciki yanzu. Shi zai nuna maka inda za a fara kai ƙwayoyin mata masu ciki masu sinadarai 15 da ƙasar nan ta amince da su, inda rijiyar burtsatse ta fi gaggawa, inda tallafin akuya ko kaji zai fi taron bita amfani, inda kuma sai an dawo da mutane gonakinsu kafin a yi maganar komai. Lambobin farko za su yi muni, 'yan adawa za su ɗauka su yi ta yayatawa, kuma saukar da za a yi alfahari da ita wataƙila sai a hannun wanda zai gaje ka. Duk da haka ina roƙon a buga su, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a karanta a gidan rediyon jiha da Hausa, yadda mutumin Mai'aduwa da na Sabuwa za su ji matsayin 'ya'yansu.

Kasafin kuɗi mai zuwa shi ne wurin farawa: layi guda mai suna, na allunan awo da horon ma'aikata da littafin masu unguwanni da binciken shekara, da ranar da za a fitar da sakamakon farko.

Allah ya taimake ka, ya ba ka mashawarta na gari, ya dawo mana da zaman lafiya a jiharmu.

Wassalam,
Wani talakanka daga Katsina.